Sajan Ƙarfe Ya Ajiye Hannunsa

Ranar Talata, sha tara ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a ƙofar ɗakin tace hotuna babbar 'yarka ta kira ni. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Anti, Baba ya cika." Na ce mata na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma, sannan na laluɓi kujera na zauna. Kafin azahar labarin ya gama gari, wayoyin gidan talabijin suka yi ta ƙara, kowa tambayarsa guda: da gaske ne Sajan Ƙarfe ya rasu?

Da gaske ne. Ni ce mai gabatar da shirin ra'ayin masu kallo na safiyar Asabar, a tashar da ka ƙarar da rabin rayuwarka. Babu wanda ya kai ni jin abin da aka faɗa a kanka, na yabo da na zagi, domin ta kunnena duk ya bi. Shi ya sa na ga ya zama hakki a kaina in faɗi abin da na sani.

Yawancin mutane da kwalkwali suka san ka, ni kuwa na san ka tun kana mai kula da ɗakin kayan wasa. Kana saurayi kana aiki a maɗaba'a injin yanka takarda ya ɗauke maka hannun dama daga ƙasan gwiwa. Da ka warke ka zo tasharmu, aka ba ka makullin wani ɗaki marar taga, cike da riguna da takalma da gemun roba. Muryarka ta daɗe tana wasa a rediyo, ta yi alƙali ta yi ɓarawo, amma ba wanda ya taɓa tunanin ya tsayar da mai hannu ɗaya a gaban kyamara. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a kan haka ba.

Ranar da zan fara fita a talabijin kai tsaye, tsoro ya kama ni har harshena ya ɗaure. Na gudu ɗakinka na ɓuya a bayan rigunan da ke rataye. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka ɗauko lemo ka danne shi da dungun hannunka a kan tebur, ka ɓare shi da hagu ba tare da ɓawon ya tsinke ba, ka miƙo mini. Ka ce, "Ƙanwata, sha ki koma. In kin yi kuskure, gobe wani zai yi wanda ya fi naki, a manta da ke." Na yi dariya, na koma. Tun daga ranar nake ce maka Yaya.

Sai Darakta ya zo da labarinsa. Gajeren shiri ne mai kashi shida, a kan wani ɗan sanda da bene ya rufta masa yana ceton mutane. Likitoci da injiniyoyi suka harhaɗa shi, ya tashi rabi mutum rabi inji, da hannun ƙarfe da kunnen da ke jin bugun zuciyar duk wanda ya tsaya gabansa, har ya san mai gaskiya da mai ƙarya. Wanda ya jawo masa wannan kuwa wani ɗan kwangila ne da ya ci amanar ginin. An gwada samari majiya ƙarfi, duk suka yi ta tafiya kamar an ɗaure musu sanda a baya. Darakta ya shigo ɗakinka neman kakin 'yan sanda, ya gan ka kana ninke riga da hannu ɗaya da haɓa, ya tsaya yana kallo. A nan aka sami Sajan.

Wani mai walda ne ya ƙera hannun, da ƙarfen gorar-ruwa da wayar birkin keke, daidai da dungunka. In ka ɗaga kafaɗa yatsun su damƙe. Maɗaurinsa yana cin fata. Sau da yawa na ga jini a rigarka ta ciki bayan an tashi ɗauka, kai kuwa sai ka ce zufa ce ta yi kala. Matarka, da yake tela ce, ita ta ɗinka maka matashi siriri a ƙarƙashin maɗaurin, ita kuma ta gyara kakin har ya zauna.

Da aka fara nunawa, shirina na Asabar ya koma kasuwa. Matasa suka ce Sajan ya cika sanyi, an ba shi hannun da zai fasa bango amma sai surutu. Wata malamar makaranta ta ce ɗalibanta sun daina yi mata ƙarya, wai kada Sajan ya ji zuciyarsu. Wani ya tambaya, in an ɗauke wuta ana tsakiyar bin ɓarawo, da me zai yi caji? Wani dattijo kuma ya bugo cikin damuwa ta gaske, ya ce shi abin da ke hana shi sukuni, wannan bawan Allah in ya yi alwala ba zai yi tsatsa ba? Kana zaune bayan gilashi kusa da mai haɗa sauti, ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ka sa aka raɗa mini a kunne in gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, Sajan taimama yake yi.

Ba duka ne na dariya ba. Wata Asabar wani ya ce an ɗauko musaki an lulluɓe shi da gwangwani don a sayar mana da tausayi. Mai haɗa sauti ya katse layin. Bayan an tashi ka dafa shi ka ce, "Kada ka ƙara katse mutum saboda ni. Ya bar aikinsa ya zauna ya kalle mu, yana da hakkin ya faɗi abin da ya gani." Na lura ranar ba ka ci abincin rana ba, amma ba ka janye maganarka ba.

Rigimar gaske ta taso ne a kan kashi na ƙarshe. Masu kallo sun ƙagu su ga Sajan ya kama ɗan kwangilar, kuma kusan bakinsu ya zo ɗaya: ya shaƙe shi da hannun ƙarfen nan har sai ya daina motsi. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ya ji haka, ya aiko cewa a ba mutane abin da suke so. Manaja ya tara mu a ofishinsa, ni ma aka kira ni don in shaida abin da jama'a ke cewa, na kuwa shaida. Aka karanta sabon ƙarshen. Kowa ya gyaɗa kai ban da kai.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi wannan ba."

Manaja ya ce wasa ne fa, ba mutum za ka kashe ba.

Ka ce ka sani. Sannan ka ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Wata rana a bakin kasuwa aka yi ihun ɓarawo a kan wani mutum, jama'a suka rufe shi da duka. Ka kutsa ka kama rigarsa da hannunka ɗaya, aka ture ka, rigar ta yage a hannunka. Mutumin bai tashi ba, kuma har aka watse ba wanda ya iya faɗin abin da ya sata. Ka ce, "Abin da bai bar ni ba shi ne yaran da ke kan katanga suna tafi. Yanzu yaran gari duka ni suke kwaikwayo. Ba zan nuna musu cewa mai kaki shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartarwa ba."

Manaja ya ce fuskar Sajan ai a rufe take, kowa zai iya sa kwalkwalin. Ka ce gaskiya ne, kayan tasha ne. Ka ajiye makullin akwatin kayan a kan teburinsa ka yi sallama. Kana da shekara hamsin da ɗoriya a lokacin, kuma ka san ba za a sake kawo maka irin wannan dama ba. Matarka ta gaya mini daga baya cewa kwanakin nan a tsakar gida ka yi su, kana gyara abin da bai lalace ba.

Aka kawo wani saurayi ɗan motsa jiki. Kwalkwali ya zauna, kaki ya zauna, sai aka zo kan hannu. Ashe ba wanda ya tuna cewa don dungu aka ƙera shi. Mai cikakken hannu ba shi da inda zai sa nasa. Aka garzaya wurin mai walda, ya ce sabo sai ya ɗauki lokacin da ba mu da shi. Darakta, wanda dama zuciyarsa na wajenka, ya hau babur ya je har gida ya ɗauko ka. Ba ka yi wa kowa gori ba. Ka gaida Manaja kamar kullum, ka tambayi inda za ka tsaya.

Duk wanda ya kalli kashin nan ya san abin da ya faru. Sajan ya rutsa ɗan kwangilar a saman wani ginin da ba a gama ba, yatsun ƙarfe suka zagaye wuyansa. Ana jin bugun zuciyar mutumin yana cika ɗaki. Sai Sajan ya sassauta, ya maida damƙar kan wuyan hannun mutumin ya haɗa shi da rodin ginin, ya kwance maɗaurin daga kafaɗarsa, ya bar hannun a nan ya zama ankwa. Ya cire kwalkwali, ya zauna a gefensa yana jiran motar da za ta kai shi gaban shari'a. A karon farko gari ya ga fuskarka da furfurarka, ya ga dungun hannunka na gaske, ba tare da an rufe komai ba. Wannan shawararka ce.

Asabar ɗin da ta biyo baya ka ce za ka zauna kusa da ni ka amsa da bakinka. Wani mai aski ne ya fara samun layi, ransa a ɓace. Ya ce shagonsa a cike yake ranar, kowa na jiran a gama da azzalumin, sai kuka yaudare su. Ya ce, "Irin waɗannan in an kai su kotu fitowa suke yi, Sajan, ka fi ni sani." Ka ce masa, "Wani lokaci suna fitowa, ɗan'uwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wanda aka kashe bisa kuskure ba ya fitowa." Ya ce shi dai bai gamsu ba. Ka ce ka gode da ya kalla har ƙarshe.

Aka yi ta bugowa, wasu da kai wasu da mai aski. Can wajen tashi sai wani ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce shi kurtun ɗan sanda ne, ba zai faɗi inda yake aiki ba. Ya ce akwai wani da suka tsare, tun da aka kawo shi kowa ya wuce sai ya taɓa lafiyarsa, har da shi. Ya ce bayan ya kalli shirin ya koma ya buɗe ƙofa ya ba shi ruwa, ya tsaya ya hana a sake taɓa shi har aka kai shi kotu. Ya ce, "Shi ke nan abin da zan faɗa, yallaɓai." Ya kashe wayar.

Kamfanin ya janye, ba a sake yin wani zango ba, ka koma ɗakinka marar taga. Amma wani abu ya canja. Ka daina sa riga mai dogon hannu. Ka fara zuwa asibiti, ɗakin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa, ba tare da kowa ya aike ka ba. Ka koya musu ɗaure wando da hannu ɗaya da haƙori, da sa maɓalli, da yadda ake amsa kallon mutane a titi. Wanda ya juya wa bango fuska ya ƙi magana, sai ka zauna gefen gadonsa ka yi ta ba shi labarin shirmen da aka yi wajen ɗaukar shirin, har ya gaji ya juyo. Shekaru ka yi kana wannan, kuma ka hana ni faɗa a shirina. Yau na faɗa, Yaya, ka yafe mini.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da kai na je duba ka da rana, na tarar ma'aikatan jinya biyu na gardama a kanka, ɗaya ta ce da ka shaƙe shi, ɗaya ta ce a'a. Ka rame ƙwarai, amma idonka na dariya. Ka ce mini, "Kin gani ko? Har yanzu ba su gama da ni ba."

Ranar jana'iza ina cikin gida tare da mata, na leƙa ta ƙofa lokacin da za a fita da kai. Layin gidanku ya cika maƙil. Sai ga wasu maza sun ratso jama'a, manya da matasa, kusan kowannensu da hannun riga guda a naɗe. Suka roƙi 'yan'uwanka a bar su su fara ɗauka. Suka tsaya suka shirya kansu ba hayaniya, masu hannun dama suka koma gefe guda, masu hagu suka koma ɗaya gefen, suka ɗaga makarar ta tashi daidai, ko karkata ba ta yi ba. Matarka na tsaye kusa da ni. Ta share ido ta ce, "Ɗalibansa ne."

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, ita da ta tsaya da kai tun kafin kowa ya san ka, da 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan'uwa, da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa zama gaban akwati ya yabe ka ko ya kushe ka. Ku yi haƙuri, ku kuma ɗaga kai, domin mutumin kirki kuka rasa.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya albarkaci bayanka, Ya ba iyalinka juriya. Ya tashe ka da gaɓoɓinka cikakku, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.