Tsagar da Aka Goge a Fuskar Kakanmu

Hoto ɗaya tak kakanmu ya bari a duniya, wanda aka ɗauke shi don takardar zama bayan ya iso Madina daga ƙasar Gobir. Gwaggona, autarsa, ita ke ajiye da shi a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, cikin wani tsohon gwangwanin alewa. Ɗan ƙarami ne, ya koɗe, takardar duk ta kakkarye.

Wata shekara ɗan baffana da ke unguwar Jurf, mutum mai son a ce shi ya yi, ya kai hoton wani shago a tsakiyar gari don a fito da babba. Mai shagon ya ga layuka a kumatun tsoho, ya ɗauka karayar takarda ce, sai ya goge su tas a kwamfuta. Ban ga laifinsa ba, ina ya taɓa ganin tsagar Gobirawa? Garin neman gira dai aka rasa ido.

Dangi kuwa suka yi ta yabo. Aka yi ta bugawa ana sa wa a firam, aka watsa shi a wayoyi har Makka da Jidda. Samarinmu, waɗanda za ka yi wa Hausa su amsa maka da Larabci, sun ji daɗin samun kaka mai sumul ɗin fuska. Ni ma na yaba, ban lura da komai ba.

Da aka kawo wa Gwaggo nata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ma sha Allah, kyakkyawa ne. Amma wane ne?"

Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san fuskar nan da rai, ga shi shekaru sun ja. Ta ce ba za ta mutu ta bar wa jikoki baƙo a bango ba. Na sa ta a tasi muka koma shagon da tsohon hoton. Mai shagon ya ba da haƙuri, ya ƙara girman hoton, amma ko mu mun kasa raba tsaga da karaya. Gwaggo ta gaji da bayani, ta kamo haɓata, ni da ba ni da tsaga, ta ja yatsa daga gefen bakina zuwa kunne, layi bayan layi. Ta ce gefe guda ya ɗara ɗayan da layi ɗaya, kada a daidaita su. Mai shagon yana kallon fuskata yana zanawa. Da ya gama, Gwaggo ta dubi hoton ta ce, "Sannu, Baba." Ni kam sai da na kau da kai.

Na aika wa kowa gyararren. Wasu sun yi godiya, amma babu wanda ya sauke na bangonsa, abin ya kuwa ƙona mini rai. Da Gwaggo ta rasu, ko a zaman makokinta, mai sumul ɗin nan ake ta nuna wa baƙi.

Kwanan baya jikata ta tsaya gaban gyararren hoton da ke bangona, ta tambaye ni da Larabci wa ya ɓata fuskar kaka. Na buɗe baki, na ga ba ni da Larabcin da zai ɗauki maganar. Sai na kama yatsanta na ɗora a gefen bakina, na fara ja zuwa kunne.