Niña Nere Mai Raba Aure

A unguwarmu ta Rebolo, cikin birnin Barranquilla, idan ka ji mace tana faɗi da fara'a, "Ai ni Niña Nere ta raba ni da mijina," kada ka yi mata jaje. Burga take yi maka. Nufinta ita da iyalinta sun kusa hawa jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan da suka fi cocinmu tsayi, kuma Nereida Cantillo, wadda muke kira Niña Nere, ita ce ta shirya musu ɗakunan kwana.

Dalilin rabuwar ba wani abin tashin hankali ba ne. Masu jirgi ba sa yarda a rubuta yara su kaɗai a ɗaki, dole sai da babba a ciki. Iyalin da 'ya'yansu suka fara tasawa kuwa ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarsu. Sai Nereida ta rubuta uba a wannan ɗaki da 'ya'ya maza, uwa a wancan da mata. In an shiga jirgi sai a je teburin karɓar baƙi a sauya katin buɗe ƙofa, miji ya koma wurin matarsa, yara su haɗu a ɗaki guda su yi ta haukarsu. Auren wuni ɗaya take kashewa, kuma kowa yana dawowa da nasa lafiya lau. Fada, limamin cocinmu, ma ba ya barin ta ta wuce sai ya tsokane ta, wai shi yana ta wahalar ɗaurawa ita tana bin bayansa tana kwancewa.

Ofishinta barandar gidanta ce. Tebur ne da fanka da tsohuwar kwamfuta, sai akwatin ƙwayoyin wasan domino. Amma ba a nan ainihin aikin yake ba. Nereida ba za ta ba ka ɗaki ba sai ta ci abincin Lahadi a gidanka. Za ta zo da ƙatuwar jakarta, ta zauna a kujerar da ta fi kowace kyau, a zuba mata sancocho, farfesunmu na gargajiya, da naman haƙarƙari, tana sha tana zare ido. Ta ga wanda ya miƙa wa wani gishiri da wanda ya yi kamar bai ji ba. Ta ga yarinyar da ke danna waya a ƙarƙashin tebur tana murmushi ita kaɗai. In an kwashe kwanuka sai ta zazzage dominonta, kowace ƙwaya ta zama mutum, ta fara yanke hukunci.

"Wannan mai murmushin, ɗaki mai ƙofar tsakani za a ba ta, kuma sakatar ta ɓangaren uwarta. Kada ki harare ni, 'yata, ni ma na yi shekarunki. Samarin nan biyu a kai su ɗakin da ba taga, ai ba teku suka zo kallo ba. Wannan ɗan mai hawa kan firji kuwa, ko kyauta aka ba ku ɗaki mai baranda kada ku karɓa. Kai kuma maigida, matarka ta ce kana minshari."

"Ni? Sharri ne, Niña Nere!"

"Na ji ka ɗazu a kan kujera. Nesa da jariri za ka kwana."

Dokarta mafi girma ita ce, mutum biyun da ba sa ga maciji da juna ba ta haɗa su ɗaki ɗaya, ko da uwa ɗaya ta haife su. Ɗakin jirgi ɗan mitsitsi ne, in ka juya sai ka taka ɗan'uwanka. Takan ce fushin da gida ya iya ɓoyewa, ɗakin jirgi tona shi yake yi tun kafin a bar tasha.

Abin dariya, matar da ta tura rabin unguwa teku ita ba ta taɓa hawa jirgin ba. Ta san ɗakin da ke ƙarƙashin wurin rawa, ta san wanda ke jijjiga, duk daga bakin mutane da hotuna. Sai bana kamfanin jirgin ya tuna da ita, ya ba ta tukwicin ɗaki biyu masu ƙofar tsakani. Ranar da labarin ya zo, Nereida ta fito tsakiyar titi da silifas ɗaya tana rawa, har mai sayar da mangwaro ya tsayar da kurarsa yana yi mata kiɗa da murfin bokiti.

Ba teku ce ta sa ta rawa ba. Tun da ta auri Ovidio bakanike, ba su taɓa kwana a ɗakin da wani ba ya jin tarinsu ba. Bangon ɗakinsu bai kai rufi ba. Da farko uwar miji ce a ɗaya gefen, bayanta 'yan'uwa daga ƙauye da suka zo kwana biyu suka shekara, sannan yara. Abin da Nereida take so a duniya shi ne ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa ƙam, da taga mai kallon ruwa, da mijinta a ciki ba baƙin mai a farcensa. Ba ta ɓoye ba kuwa. Matan layinmu suka sa ta a gaba.

"Niña Nere, amarci bayan furfura?"

"Ku dai baƙin ciki zai kashe ku. Ni da Ovidio sai kun gan mu."

"Ki dai bi shi a hankali, bayansa ba shi da ƙwari!"

'Ya'yanta biyu ne. Dairo saurayi ne da gashin baki ya fara tsiro masa, sai ƙanwarsa Yuranis, 'yar firamare mai baki kamar rediyo. Kuma a gidan akwai wata matsala da kowa ya gaji da ita har aka daina ganinta. Tun lokacin kanibal, bikin raye-rayen titi na shekara-shekara, Dairo ya ɗauki babur ɗin ubansa ba izini ya shiga da shi katangar maƙwabci. Ovidio ya same shi a gaban abokansa ya ce masa ba shi da wani amfani. Daga ranar uba da ɗa ba su ƙara ce wa juna uffan ba. A tebur ɗaya suke ci, amma sai ka ji, "Yuranis, ce wa yayanki ya miƙo ruwa," sai ka ji, "Ce masa ga shi nan a gabansa." Abin yana cin ran Nereida, ta yi faɗa ta yi kuka ta yi addu'a, daga baya ta saba.

To ita Nereida a gidan kowa baƙuwa ce mai zare ido, a gidanta kuwa tana bakin murhu. Ba ta zazzage wa kanta domino ba. Hannunta ya bi abin da ya saba, maza da uba, mata da uwa. Sai da motarsu ta yi nisa a hanyar Cartagena, inda za su hau jirgin, tana cikin cin arepa, wainar masara mai ƙwai, abin ya faɗo mata. Ta juya ta ga Ovidio yana kallon tagar dama, Dairo yana kallon ta hagu.

"Ya Maryamu," ta ce. Sai ta lallashi kanta cewa ai a rubuce ne kawai, suna shiga za ta sauya katin.

Shigarsu jirgi kowa ya rikice. Yuranis ta ruga ta dawo ta ce akwai wurin da ake ba da askirim ba a tambayar kuɗi, ta sake rugawa. Ovidio ya ɗora tafin hannu a bango yana sauraren inji, yana gyaɗa kai kamar shi ya ɗaure shi. Ita Nereida kuwa sai shafa ƙofofi take yi tana gaishe su kamar tsofaffin ƙawaye. Amma da ta isa teburin karɓar baƙi, layi ya kai har matakala, kuma rabinsu mutanenta ne da ta raba da hannunta.

"Niña Nere! Zo ki mayar mini da mijina!"

"Ni nawa a bar shi can, na huta!"

Ta yi dariya, ta kutsa gaba da ƙarfin sanayya, amma yarinyar da ke kan teburin ta ce cikin ladabi sai jirgi ya tashi za a ci gaba da sauya kati. Kowa ya je ɗakin da aka rubuta masa tukuna.

Ɗakin nata ya fi yadda ta yi mafarkinsa. Tun daga gida ta roƙi a haɗe gadajen biyu su zama ɗaya, an kuwa haɗe, an naɗe tawul kamar agwagi biyu baki da baki. Ga taga, ga ruwa shuɗi har ƙarshen gani. Yuranis ta yi tsalle ta faɗa kan agwagin. Nereida ko kallon tagar ba ta iya yi ba, ta je ta manna kunne a ƙofar tsakani. Shiru. Irin shirun nan na gidansu ne, sai dai yanzu an cusa shi a wurin da bai fi kicin ba. Ta ji an ja zif ɗin jaka. Ta ji an rufe durowa da ƙarfi. Tana ta zagin kanta, ita da ke koya wa mutane.

Can sai wata ƙara ta tashi, wani irin gurnani mai zuƙa, sannan ihu, sannan wani abu ya faɗi tim. Nereida ta zare sakata ta faɗa ciki.

Ovidio ne a tsakiyar ɗaki, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya hannun yana kokawa da rigar ceto da ya zura ta baibai har ta rufe masa ido ɗaya.

"Nere, ɗauki yarinya! Jirgi ya huje! Ni na danna, na ji ruwa yana shigowa!"

Dairo kuwa shi ne ya faɗi. Yana ƙasa tsakanin gado da bango, ya riƙe ciki, hawaye na zuba, dariya ta hana shi numfashi.

"Baba," ya ce da ƙyar, "Baba, masai ne kawai. Haka yake yi."

Nereida ta ji kalmar nan ta Baba har cikin ƙashinta. Ovidio ma ya ji ta, don ya ɗan tsaya da wandonsa a hannu. Sai ya ture rigar daga ido ya ce, "Masai? Wane irin masai ne da injin tirela? Ƙarya kake yi."

"To zo ka sake dannawa."

"Kai ka danna, ni ina da iyali."

Dairo ya danna. Abin ya sake yin gurnani, su biyun suka yi baya tare suka yi karo, suka fashe da dariya. Kafin Nereida ta rufe baki, Ovidio ya durƙusa yana leƙen bayan abin, yana cewa iska ce ke ja ba ruwa ba, Dairo yana haska masa da fitilar waya. "Ƙasa kaɗan. Yauwa, nan. Kai, wanda ya ƙera wannan ya san aiki." Ba wanda ya lura da fitarta.

Da yamma jirgi ya busa ƙaho ya bar tasha. Aka saki kiɗa a sama, Nereida ta yi rawa da mijinta har takalminta ya cire, ta yi rawa da wata tsohuwa da ba ta sani ba, ta sha wani abu mai ruwan hoda da 'yar lema a kai. Sannan ta tattara katin nan huɗu ta sauka da gudu-gudu. Layi ya ragu sosai. Tana tsaye tana ta murmushi ita kaɗai, tana tunanin tagarta, sai ta ji mutum a gefenta. Dairo ne, hannu a aljihu, yana kallon silin.

"Mama."

"Me kuma? Yanzu za a ba ka ɗakinka kai da ƙanwarka."

"Ba komai. Dama dai Baba ne. Bai iya famfon wankan nan ba, ɗazu saura kaɗan ya dafa kansa." Ya shafa ƙeya. "Kuma ya ce gobe da safe za mu je mu tambaya ko ana barin mutane su ga inji. In ba a tashe shi ba makara zai yi."

"Ni ba zan iya tashinsa ba? Tun kafin a haife ka nake tashinsa."

"Haka ne." Bai tafi ba. Kunnuwansa sun yi ja.

Nereida ta dube shi. Ta duba katin da ke hannunta. Haushi ya kama ta sosai, haushi na gaske, don ta daɗe tana jiran ɗakin nan kuma ta san kamfani ba ya kyauta sau biyu. A ƙarƙashin haushin kuma wani daɗi yana ta tasowa, har ya fi ƙarfinta. Mutumin gabanta ya gama, yarinyar teburin ta ɗago ta ce, "Sai ke, uwa."

"Ni ba komai, 'yata," in ji Nereida. "Hanyar ɗakin cin abinci nake tambaya."

Ta danƙa wa Dairo kati biyu a ƙirji, ta ja kunnensa mai jan nan har ya ce wash. A bakin matakala suka haɗu da Ovidio ya sha wanka yana ƙamshi.

"An sauya, Nere?"

"Layi ya yi yawa."

Ya leƙa ya ga wurin fayau. Ya dube ta, ya dubi ɗansa, ya kama hannunta ya matse. "Gobe sai mu..."

"Wane gobe? Tafi can wurin masanka, tsohon banza."

Bayan cin abinci ta kwanta a bakin ƙaton gadon, don Yuranis ta baje a tsakiya ta ɗora mata ƙafa a ciki, tana ba ta labarin askirim kala-kala da ta sha. Ta bayan ƙofar tsakani gurnanin nan ya sake tashi, muryoyi biyu suka kece da dariya, babba da ƙarama. Nereida ta miƙa hannu ta bubbuga bango.

"Kai, ku yi wa mutane shiru!"

Ta janye hannunta ta kasa kunne, tana roƙon Allah kada su ji maganarta.