Shatin Ƙaho a Kan Cizon Kaska

Mijina direba ne. Shekara goma sha tara ya yi yana jan motar gida ɗaya a unguwar Abhur ta Jidda, tun yaran gidan suna firamare har wasunsu suka yi aure, kuma maigidan shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa ta zama a ƙasar a hannunsa take. Ni a Jidda aka haife ni, a Sa'alaba, a gidan da muke ciki har yau. Shi kuwa da gemunsa ya zo daga Najeriya, don haka Larabcinsa na mota ne: dama, hagu, jira ni a nan, dawo bayan la'asar. Duk inda za a yi doguwar magana, ofis ko asibiti, ni ce bakinsa. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin a san cewa duk abin da likitoci suka ji game da ciwonsa, daga bakina suka ji shi.

Wata shekara da zafi ya tsananta, mutanen gidan suka tafi hutu Bosniya, suka tafi da shi, don matar kafilin ba ta yarda da tuƙin kowa ba sai nasa. Sati uku yana aiko mini da hotuna, kuma kusan dukkansu na ciyawa ne. Mutum ya je ƙasar Turawa, maimakon ya ɗauko mini kasuwa ko gidaje, sai ciyawa. Ban ga laifinsa sosai ba, don ya daɗe bai ga kore ba sai na tsakiyar titi da ake ba ruwa da tiyo. Idan sun shiga cin abinci ko sun hau dutse yawo, shi sai ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙe a cikin ciyawar yana jiransu, wai ƙamshinta irin na daminar garinsu ne. Na ce masa ya ci ya ƙoshi, ya taho mana da tsaraba.

Ya kuwa taho da ita. Cikin dariya ya ba ni labarin, ranar da ya dawo, muna shan shayi. Wai yana wanka ya ji wani abu maƙale a ƙasan kafaɗarsa ta hagu, inda hannu ba ya kaiwa sosai, ya kankare shi da bakin matsefi, ya duba sai ya ga kaska ce, ƙarama kamar ƙwayar riɗi. Shi da ya tashi yana cire wa shanun kakansa manya-manyan kaska da hannu, ya murtsuke ta ya kora ta da ruwa. Har tsiya ya yi wa Turawa, wai komai nasu a tsumulmule yake, kaskar tasu ma ba ta ƙoshi ba. Bai san kwana nawa ta yi a jikinsa ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan kamar kwana goma zazzaɓi ya kama shi, da ciwon wuya da na gaɓoɓi. Muka je ƙaramin asibitin unguwa, suka duba zazzaɓin nan na sauro da ake fama da shi a Jidda, suka ce ba shi ba ne. Suka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar. Ya sha na kwana uku, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran a kan firij kamar yadda ya saba.

A cikin kwanakin nan ne ina shafa masa man zafi a baya na ga wurin. Daidai inda ya ce kaskar ta cije shi, fatar ta fi sauran duhu, faɗin wurin ya kai tafin hannuna, kuma da ɗan ɗumi. Mijina baƙi ne wuluk, ɗakinmu kuma taga ɗaya gare shi, ita ma kullum a rufe da labule saboda rana. Na danna, ya ce ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Na ce ai mataccen jini ne ya taru a inda ta yi cizon. Ni na faɗa, ba wani ba, kuma ko shakka ban yi ba, don a gidanmu kowane ciwo ƙaho ake fara yi masa kafin a tuna da likita. Wayata tana kan katifa a lokacin, wayar da nake ɗaukar hoton tuwo in aika wa 'yan'uwana, amma ban ɗauki hoton wurin ba.

Wanzamin da na kira abokin marigayi mahaifina ne, tsoho mai tsafta, ya daɗe da barin ƙahon saniya ya koma kofunan roba masu famfo irin na masu hijama, kamar yadda Larabawa ke kiran ƙaho. Ya zo ranar sha bakwai ga wata da safe, kafin mijina ya karya. Ya tambayi inda ciwon ya fi ƙarfi, ni kuma na miƙa yatsa na ce, "Nan, Baba, daidai nan." Ya zaɓi kofi mafi girma don ya rufe wurin duka. Ya ja, ya tsattsaga, ya sake ja. Da ya cire ya nuna mini baƙin jinin da ya taru, ya ce, "Kin gani, 'yata? Da wannan yake ta yawo." Na ji daɗi har cikin raina, na kawo masa shayi da dabino ina ganin na yi abin kai. Da yamma mijina ya ce jikinsa ya yi sakayau. A bayansa kuwa an bar shati zagayayye, baƙi ƙirin, da ƙananan tsaga a ciki.

Ya koma aiki, amma mutumin da ya koma ba shi ne wanda ya tafi Bosniya ba. Gajiya ba ta barinsa ko da ya yi barci ya ƙoshi. Gwiwar dama ta kumbura, ta sace, ta hagu ta karɓa. Yatsunsa suka riƙa mutuwa a kan sitiyari. Wata rana ya wuce kwanar gidan da ya shekara goma sha tara yana shiga, sai da matar kafilin ta yi masa tsawa daga baya. Wata rana kuma barci ya ɗauke shi a ƙofar makaranta, jikokin gidan suna tsaye a rana suna buga gilashi.

Kafilin ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kira mijina ya ce masa idan cuta ce, ai tana da suna, ya kawo takardar likita mai ɗauke da sunan, shi kuma zai jira har ya warke. Idan kuwa babu suna, to tsufa ne, kuma ba zai iya ɗora iyalinsa a motar mai barci ba. Saura wata huɗu a sabunta iƙamarsa. Idan ba a sabunta ba, ko dai ya nemi wani kafilin da wannan gwiwar, ko mu tattara mu tafi ƙasar da ban taɓa yin wata guda a cikinta ba.

Sai muka shiga neman suna. Likita na farko ya tambaya ko yana shan nonon raƙumi ɗanye, ya auna zazzaɓin da ake samu ta nan, babu. Na biyu ya auna sanyin ƙashi da sukari, babu. Da na ambaci kaska, ya yi murmushin nan da ake yi wa mace idan ta kawo maganar gida cikin asibiti, ya ce ba mu da irin waɗannan cututtukan a nan. Na uku ya ce damuwa ce, ya rubuta maganin ƙarin kuzari. Babu wanda ya tambayi inda mutumin ya je, sun ga baƙin direba sun gama yanke cewa iyakarsa Abhur da Sa'alaba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Wata likita mace a Aziziyya ce ta fara tambayar ko ya yi tafiya. Da na ce Bosniya, na ce ciyawa, na ce kaska, sai ta ajiye biro. Ta ce akwai wata cuta da ake kira Laim, kaskar dazuzzukan ƙasashen sanyi ce ke ɗauke da ita, amma ba kowace kaska ba. Ta ce babbar alamarta wani zobe ne da ke fitowa a fata a makonnin farko yana ƙara faɗi, kuma idan likita ya gan shi da idonsa ba ya ma jiran gwaji. Tunda lokacin ya wuce, sai dai a ɗebi jini a aika wani wuri. Muka jira sati biyu. Sakamakon ya dawo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Aka sake, haka ya sake dawowa. Ta ce wataƙila maganin kwana ukun nan ne ya dagula lissafin, wataƙila kuma ba cutar ba ce sam, wani abu ne daban ya motsa gwajin. Ta faɗi gaskiyarta, amma ni ba gaskiya na zo nema ba, takarda na zo nema.

Sai ta ce ya ɗaga riga ya nuna mata inda aka cije shi. Ya juya mana baya, ya naɗe rigar har wuya. Ta daɗe tana kallon shatin kofin.

"Hijama?" ta tambaye ni.

Na ce e.

"Kafin hijamar, me ke wurin?"

Ta juyo mini da allon kwamfutarta. Hotuna ne na jajayen zobba a kan fararen cinyoyi da fararen damatsa, ja wur, ko makaho zai gane. Na ce ta nuna mini a kan fata irin tamu. Ta yi ta nema, ta yi ta nema, da ƙyar ta samo guda biyu, kuma su ɗin kamar inda mutum ya bugu da ƙofa ne. Zai iya zama abin da na gani. Zai iya zama kuma kumburin cizo ne kawai, irin wanda kowane ƙwaro ke bari.

"Ya ukhti, 'yar'uwata," ta ce, "kada ki gaya mini abin da kike so ya zama. Ya riƙa ƙara faɗi? Tsakiyarsa ta fi gefensa haske?"

Sau biyu na ga wurin, ko uku, a cikin kwana biyu, a ɗaki mai duhu, hannuna duk man zafi. Ban auna ba, ban ɗaga labule ba. Mijina yana zaune ya ba mu baya, bai bi Larabcinmu ba, yana jira kawai a ce masa ya sauke riga. Na kalli furfurar ƙeyarsa, na tuna wata huɗun nan da suka koma biyu.

"Zobe ne," na ce. "Na gani. Kullum ƙara faɗi yake yi."

Ta kalle ni kallon da ban so ba, sannan ta rubuta. Ta ba shi magani na sati huɗu, wannan karon na tsaya a kansa har ƙwaya ta ƙarshe. A takardar kuwa ta rubuta cewa ana zaton cutar Laim ce, bisa ga tafiyarsa da bayanin matarsa. Kafilin ya karanta, ya ninke, ya ce zato ba suna ba ne.

Bayan maganin yatsunsa suka daina mutuwa. Gwiwar ba ta daina ba, gajiyar kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Na koma wurin likitar ina so ta ce mini sauƙin nan shaida ne. Ta ce ba shaida ba ne. Wasu masu cutar sukan daɗe da gajiya bayan magani, wasu kuma ba ita ce ke damunsu ba tun farko, sauƙin na lokaci ne. Ta ƙara da cewa idan wani abu ne daban, to mun ɓata watanni muna dubawa a inda ba ya nan. Ba ta ce ni na ɓata su ba. Da na fito na tsaya a bakin titi na kasa tare mota, don na san wa ya nuna musu inda za su duba.

Kafilin ya ce halas, magana ta ƙare, ya sake shi ya je ya nemi wani kafilin, shi kuma ya ɗauki sabon direba. Yanzu mijina gadi yake yi a wani bene a Aziziyya, yana zaune a kujerar roba ya miƙe ƙafa ɗaya. A unguwa kowa da fassararsa. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce aljanun dajin Turawa ya kwanta a kansu, wasu a bayan idonsa su ce lalaci ne da tsufa. Wanzamin yana nan, duk haɗuwarmu sai ya tambayi mai jiki, ya ce in an shirya a sake jan wurin. Ina gaishe shi da ladabi, don shi inda aka nuna masa ya yanka. Haushin likitocin nan uku nake ji, da na masu ɗaukar hotunan da suka manta akwai baƙar fata a duniya, da na mijina da ciyawarsa. Amma duk idan na gama zagayawa, a kaina haushin yake sauka.

Shi kuwa amsa ɗaya yake ba kowa, mai sammu da mai aljanu da mai tsufa. Cewa yake cutar Laim ce, matarsa ta ga zoben da idonta kafin a yi ƙaho. Yana faɗa da ƙarfi, har da ɗaga yatsa, kuma na lura tun da ya rasa motar nan wannan maganar ce kaɗai yake faɗa kansa a sama.

Har yanzu ni nake shafa masa man zafi idan ya dawo bayan la'asar. Baƙin shatin ya ɓace tuntuni, sai ƙananan tabon tsagar da suka rage a zagaye. Yanzu nakan ɗaga labule, in zuba wa wurin ido ko zan tuna abin da ke ƙarƙashinsa, amma abin da ke zuwa mini kawai shi ne hotunan allon likitar. Kwanakin baya yana kwance rub da ciki, fuskarsa a cikin matashi, ya ce, "Ko duk Jidda ba ta yarda ba, ke dai kin gani."

"Na gani, Malam," na ce, na ƙara ɗibar man.