Bokitin Baba Ilu

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Nasim ta Riyad cikin shekarun tamanin, in aka ce masa Baba Ilu, bokitin zai fara tunawa kafin fuskar. Koren bokitin roba ne, mariƙinsa ya tsinke tun ba a san ranar ba, ya ɗaure da waya. Da shi yake zuwa masallaci, ya yi alwala a kansa don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Ya bi ƙarƙashin kowane mukayyif na gidajenmu, na'urar sanyaya ɗakin nan, ya kafa gwangwanin madara yana tarar abin da ke ɗiga. Matan gida kuwa sun san ba a zubar da ruwan wankin shinkafa sai Baba ya zagayo. Mutumin wajen Wudil ne, direban wani Balarabe mai sayar da kayan gini, kuma duk ya girme mu nesa ba kusa ba.

Wata rana ya tarar da maƙwabcinmu Dakta Sani yana wanke mota da tiyo. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Likita, duk wankan nan da kake mata, ta taɓa yi maka kuɓewa ko guda ɗaya?" Tun daga ranar, Dakta ba ya wanke mota sai ya leƙa ya ga Baba ya fita aiki.

Duk wannan tarin ruwa na lambu ne. Akwai wani fili a bayan gidajen da muke haya, ba komai cikinsa sai ɓaraguzan gini, mai gidajen ya ce in za mu iya mu noma. Muka raba shi fegi takwas, muka sa gayya duk Alhamis bayan la'asar, tunda a lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu. A fara da aikin kowa da kowa: kwashe duwatsu, gyaran shinge, ɗaura rumfar ganyen dabino saboda rana. Sannan a taru a kan fegin mutum ɗaya, mako mai zuwa a koma na wani.

To ni dai yau zan faɗi gaskiya. Shekara uku na yi ina hassadar tsohon nan, hassada ta sosai, irin mai sa mutum ya kasa cin tuwo. Fegina jikin nasa yake, igiya ce kawai ta raba mu. Ni fa injiniyan ruwa ne, saboda ruwa aka ɗauko ni daga Kaduna, kuma ɗan manomi ne ni. Amma nasa ɓangaren yakuwa da rama da lalo sun yi kore shar, nawa kuwa ganyen ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara. Ba abin da nake so a duniya lokacin irin sau ɗaya, sau ɗaya tak, in tsinko yakuwar da ta fi tasa in ɗaga masa.

Ranar da gayya ta fara zagayowa kaina, na zo da igiya da abin awo. Na sa mutane suka tayar mini da kunyoyi manya, miƙaƙƙu, yadda ake yi a gonar mahaifina. Baba kuwa nasa fangali yake yi, wato ya haƙa ƙasa ta zurma, ya kewaye da ɗan gefe, ruwa ya kwanta a ciki. Ya dafa fartanya yana kallon aikina.

Ya ce, "Injiniya, wannan kunyar ai ta jiran ruwan sama ce. Wa zai aiko maka da shi nan?"

Na ce, "Baba, na yi lissafina."

Ya ce, "Haka ne. Ku ne kuka yi karatu."

Maganarsa ke nan duk lokacin da na yi masa gardama, kuma ba ya ƙara ko kalma. Gara ya zage ni.

Sai na sayi mota, sabuwa fil, ko ledar kujeru ban cire ba. Baba ya zo ya shafa ta, ya yi mini addu'a, ya ce ko zan rage masa hanya zuwa kasuwar tumaki, yana da ɗan saƙo. Na ji daɗi, na ce yau dai na fi shi wani abu. Muna isa sai ga buhuna uku na kashin tumaki an jingine ana jiransa. Na ce, "Baba, me ya hana ka ɗauko a motar kafilinka?" Kafili shi ne uban gidan da ya kawo mutum ƙasar. Ya ce, "Haba Injiniya, motar mutane ce fa." Wata biyu ina tuƙi gilashi a buɗe cikin zafin Riyad saboda wari. Takin kuma ya zuba, kuɓewarsa ta fi ni tsawo.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zuwan maiɗakina Rabi daga gida. A wasiƙu na sha gaya mata ina da lambu. Ranar wata Juma'a na gayyato abokan aiki, ta yi tuwon shinkafa da miyar yakuwa. Wani ya lashe hannu ya ce, "Injiniya, ashe noman naka ba wasa ba ne." Na gyara zama zan amsa, sai muryarta daga bayan labule: "Ta Baba Ilu ce. Tamu ba ta kai a tsinka ba tukuna." Aka tuntsire da dariya. Da suka tafi na yi mata ƙorafi, ta ce, "To Baban Amina, ƙarya zan yi a kan miya?"

Alhamis ɗin da ta biyo baya, ana shan shayi bayan gayya, na tashi na yi dogon jawabi a kan adalci. Na ce ƙasar filin nan ba ɗaya ba ce, wasu sun dace da wuri mai kyau, ya kamata a riƙa ƙuri'a duk shekara ana sauya fegi. Ban ambaci sunan kowa ba. Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ba sai an wahalar da jama'a ba. Nawa kake so? Ɗauka, ka ba ni naka."

Kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Da ina da hankali da na ce wasa nake. Karɓa na yi.

Na sa aka cike fangalinsa aka tayar da kunyoyina a wurin, shi da kansa ya riƙe mini bakin igiyar awo. Ya koma tsohon fegina ya baje, ya haƙa, ya ci gaba da yawo da bokitinsa. Bayan wata uku, ƙasar da na ce ba ta da kyau ta yi kore shar. Wadda na ƙwata kuma, saman kowace kunya ya yi fari fat da gishirin ruwan famfo, shukar ta tsaya cak. Wallahi a lokacin na gane. Ruwa yana gangarewa ya bar saiwa, gishiri ya hau sama ya zauna, abin da ɗalibin shekarar farko ya sani. Amma in ɗauki fartanya in baje kunyoyina Baba yana tsugune a gefe yana kallo? Na gwammace in ci gaba da sayen ganye a kasuwar Baɗha.

A haka muka shiga shekara ta huɗu. Wata Alhamis aka taru gayya babu Baba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ashe ƙirji ne ya kama shi a wurin aiki, aka wuce da shi asibiti. Kwana biyar ya yi. Muka kai shi maƙabartar Ud, mu da kafilinsa da ke ta share hawaye da gefen mayafin kansa.

Washegari Dakta Sani ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, riƙe da koren bokitin. Ya ce, "Ni nake kansa ranar ƙarshe. Ya ce a ba Injiniya wannan. Ya ce kuma in gaya maka ka baje kunyoyin nan haka, yanzu ba ya nan balle ya gani."

Ashe duk shekarun nan ya san abin da ya hana ni.

Na baje. 'Yan gayya suka taya ni haƙa fangali, babu wanda ya yi mini gori. Na bi gwangwanayensa ɗaya bayan ɗaya ina juyewa a bokiti, matan gida suka koma ajiye mini ruwan shinkafa. Yakuwa ta tashi har ƙirjina, ganye faffaɗa, ban taɓa ganin irinta ba ko a wurinsa. Ranar da na tsinki damin farko, ban san lokacin da na juya na ɗaga shi sama ta wajen igiyar nan ba. Babu kowa a wurin. Na daɗe tsaye da ganye a hannu, na rasa wanda zan nuna wa.

Rabi ta yi miya da ita a ranar. Ta ɗanɗana, ta dube ni, ta ce, "Ta kusa ta Baba."

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya yafe mini abin da na riƙe shi da shi a zuciya, ya shayar da shi ruwan da ba sai an tara a gwangwani ba. Allah ya ba shi lambu a Aljanna. In kuma rahama ta kai ni can, a ajiye ni kusa da shi, ko da nasa ya fi nawa.