Shimfiɗar Ummulkhairi Mai Zuba

A kasuwar Bunkure an ce wai Ummulkhairi ta ɗinka shimfiɗar da ta kai eka guda, har ma'aikatan noman rani suka zo da igiyar awo za su raba wa manoma, wani mai gaggawa ma ya watsa irin alkama a gefe. Ƙarya ce, kuma ni Sammani na fi kowa sani, don daga bakina ta fito. Shimfiɗar ko gadon ƙarfe ba ta gama rufewa ba. Ummulkhairi taubashiyata ce, 'yar kawuna, tsokanarta kuwa gadona ne tun kafin a kore ni daga aji huɗu.

Mijinta Mukhtari ya rasu a 1983, ya bar ta da 'ya ɗaya, Indo. Da aka sa ranar Indo da wani manomin tumatir na Kadawa, ƙasa tana cikin tsuke bakin aljihu, yadi ya yi tsadar da ko ɗinkin Sallah sai an yi shawara. Zanen gado mai fulawa irin na birni, wanda kowace amarya ke taƙama da shi ranar jere, ya fi ƙarfin Ummulkhairi. Ta ce da hannunta za ta yi, kada a shiga ɗakin 'yarta a ga katifa tsirara. Ni nake bi teloli ina kwaso mata ƙyallaye a buhun taki.

Da farko fulawar birni ta kwaikwaya. Na leƙa na ce mata wannan ai tumatir ne da jaki ya taka. Ta warware. Ta gwada dagi irin na wuyan riga, ya fito kamar kaza ta shiga zare. Shi ma ta warware, kuma wannan karon ko zagina ba ta yi ba, abin da ya sa na sha jinin jikina. Wata biyu tana ɗinki tana farkewa, yatsunta duk sun yi kanta, ta rame, ranar biki tana matsowa.

Sai wata ta'aziyya ta kai ta Kura a bayan motar kwanduna. Da suka hau gadar babban kanal na ruwan noman rani ta hangi gonaki daga sama, fangali-fangali, koren alkama nan, jan tumatir can, wani ba a shuka ba, ruwa ya ratsa tsakaninsu. Ta ce mini a nan ta gane ita ba ta taɓa zama da fulawa ba, gonakin nan su ta sani. Ta dawo ta yanka ƙyallayenta murabba'i, kore da ja da fari, ta jera su a kan tsohon bargon Mukhtari, ta bi da ƙananan ɗinki a jere kamar kunyar gona. Hanyoyin ruwan kuwa ta yi su da guntayen turkuɗi da wani marini ya ba ta a Kura.

Kowa a ƙasar nan ya san turkuɗi yana zuba. Ita ma ta sani, ta jiƙa shi sau uku, ta ɗauka ya gama. Ana saura kwana huɗu ta wanke shimfiɗar ta shanya. Da ta koma kwashewa, shuni ya malala daga kowane layi ya shiga fararen. Na same ta zaune a kan turmi tana kallon igiya.

Uwa ba ta zuwa jere, don haka Kulu, yayar marigayi, ita ta jagoranci mata. Ta buɗe shimfiɗar ta ce, "Wannan tsumman za mu nuna wa dangin ango? Ni ba da ni ba." Ta ninke ta cusa ƙarƙashin katifa, aka aro mai fulawa a maƙwabta. Labari ya iso wa Ummulkhairi kafin la'asar. Ta shiga ɗaki, sai washegari aka gan ta.

Kayan aro dai kwana bakwai ne. Da masu shi suka karɓe, Indo ta jawo ta uwarta ta shimfiɗa, kuma tana nan a kan gadon. Masu shiga wasu su taɓe baki, wasu su tsaya suna nuna fangalin da ya yi kama da nasu. Kulu har yau ba ta zama a kai.

Yanzu shekara uku ke nan, Ummulkhairi ta ɗinka guda biyar, biyu kacal aka saya. Kowace kuma da gangan take yayyafa wa turkuɗin ruwa ya zuba, ta ce gonar da ruwa bai shiga ba ai ba gona ba ce. Jiya na tarar da ita tana yi, na ce, "Baiwata, Allah ya sa ma'aikata kada su zo karɓar kuɗin ruwa."

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Su fara da bakinka, Sammani. Shekara arba'in yana zuba, ko albasa ɗaya bai taɓa fitarwa ba."