Dajin da Kake Rainawa, Mutane Ne a Ciki

Jiya wata tsohuwa ta shigo gidan likitan Zermu, inda nake aiki, tana dogara sanda. Ƙarar sandar a kan siminti ta tuna mini da kakata. Haka take buga tata a ƙasa idan ta gama magana, kuma ba mai ƙarawa.

Shekarar da na ci jarrabawa, na zaɓi lakwal ɗin jinya, wato makarantar koyon aikin jinya, a Damagaram, na ce ƙauye zan yi aiki. Kawuna, mai fatauci zuwa Kano, ya zo har gida don ya hana. Kaka tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ƙamshin man kaɗanya na tashi daga ƙafafunta.

Ya ce, "Inna, ki bar ta ta bi ni birni. Nan daji za a jefa ta, ba wuta, ba pampo."

Kaka ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Yayanka a kan amalanke ya cika, muna hanyar neman mai allura, kai kana goye a bayana. Dajin da kake rainawa, mutane ne a ciki." Ta jawo sanda ta buga. Kawu ya sa takalmansa ya fita.

Shekarata bakwai a nan. Har yau dangi suna cewa na binne kaina da rai, ni kuwa ba inda za ni.

Ya Allah, yadda ta tsaya mini ranar nan, ka tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka sanyaya makwancinta.