Ƙoƙon Ishaku a Kasuwar Barmu

Ishaku bai taɓa zama likita ba, ko da yake daga Tawa har Takanamat haka ake kiransa, likitan kutare. Raba ƙwaya ne aikinsa. A shekarun farko na mulkin kai wata ƙungiyar masu taimako ta ƙasar Turawa ta riƙa aiko da maganin kuturta cikin gwangwanaye, ta haɗo da farin keke, ta ce a nemo wanda zai bi kasuwannin ƙauye yana ba marasa lafiya. Ba a yi rububin aikin ba. Ishaku, Kirista mutumin kudu, mai mata da ƴaƴa ƙanana a bayan asibitin Tawa, shi ya miƙa hannu.

Wanda ya zaɓi keken nan bai taɓa ganin duwatsun ƙasar Adar ba. Inda ba dutse akwai rairayi, don haka turin da Ishaku ya yi masa ya fi hawan. Ga shi fari fat, ana hango shi tun daga nesa, duk gidan da aka gan shi jingine a bangonsa kuwa ƴanmatan gidan sun rasa masu zuwa zance. Da wuri Ishaku ya koyi kwantar da shi a fili, inda ba na kowa ba.

A majami'a cewa ake Ubangiji ya ba shi zuciyar tausayi, shi kuma yakan sunkuyar da kai ya bar su da maganarsu. Abin da ba wanda ya sani, in ban da matarsa Rebeka, shi ne uwarsa kuturwa ce. A zangon kutare na mishan aka haife shi, aka ɗauke shi daga jikinta tun bai yi wayo ba, aka kai shi gidan yara masu lafiya. Ranar Lahadi akan jera su bakin shinge iyaye su kalle su daga can. Takan ɗaga masa abin da ya rage na hannunta, shi kuwa ƙasa yake kallo, don ƙyamarta yake ji. Ta mutu bai ɗago ba. To, ko tausayi ne ke tura keken nan, ko kuwa mutum ne ke yawo ƙauye ƙauye yana tilasta wa idonsa abin da ya ƙi kallo yana yaro, shi kansa bai zauna ya tantance ba. Gajiya ba ta barinsa.

Ranar kasuwar Barmu kutare kan taru gindin wata aduwa, bayan inda ake ɗaure jakuna. Dokar masu taimako ita ce kowa ya haɗiye ƙwayarsa a gaban mai rabo. Akwai Dodo, tsohon kuturu wanda yatsu suka ƙare masa amma baki bai ragu ba.

"Ɗan Mishan," in ji shi duk mako, "yau wa ya hau wani, kai ko dokin ƙarhen?"

"Buɗe baki, Baba."

"Kullum buɗe baki, buɗe baki. Turawanka ba su san taba ba?"

In ya gama da su ƙishi ya kai masa ko'ina, sai ya shiga kasuwa neman fura. Kowace mai fura na da tsohon ƙoƙo da ta ware domin kutare, ba ya haɗuwa da sauran kayanta, ba ta kuma taɓa shi da hannu. Tunda Ishaku na taɓa kutare, shi ma a nan rabonsa yake. Wurin Halima yake zuwa, wadda ke zama gindin gawo, don furarta ta fi ta kowa laushi. Mijinta Attahir ya tafi cin rani Abijan, rani ya wuce, wani ya zo, bai dawo ba. Ƙwaryar furar nan ke ciyar da ƴaƴanta da uwar mijin. Ƙoƙonta na kutare mai ɓararren baki ne, kife a jikin saiwar gawon. Ishaku kan ɗauka da kansa ya tara, ta tsiyayo masa daga sama tana kau da fuska, ya sha, ya goge da rairayi ya kife.

Wata rana tana cikin tsiyayawa sai mayafinta ya zame daga kafaɗa, ba ta kuwa yi saurin gyarawa ba. A damtsenta akwai tabo ja-ja, faɗin tafin hannu. A yatsarta kuma ga ƙuna wadda da gani ba ta ji lokacin da aka yi ta ba.

"Kauce mini da kekenka, kana kore mini mutane!" ta ce da ƙarfi. Sannan can ƙasa, leɓenta ko motsi bai cika yi ba: "Ka gani?"

"Na gani."

Iyakar abin da suka taɓa faɗa wa juna ke nan a kan maganar. Ya san ba za ta je gindin aduwa ba. Ranar da aka ga mai fura ta buɗe baki a can, ranar ta tashi daga kasuwa har abada, ƴarta mai tasowa kuma ta zama ɗiyar kuturwa. Kasuwa ta gaba ya ƙunshe ƙwayoyin mako cikin ganyen kalgo, da ya gama sha ya kife ƙoƙon a kansu. Ya taka dokar masu taimako, amma duk Barmu babu ma'ajiyar da ta kai ƙoƙon nan tsaro, tunda ko akuya aka gani tana shinshinarsa sai an kore ta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Tabon ya dushe, yatsun Halima suna nan goma suna murza dawo. Ba ta taɓa gode masa ba, sai ma zagi da ya ƙaru, a gaban mutane, don kada wani ya yi tunani. Ishaku ya gane. Abin da bai so ya gane ba shi ne daɗin da yake ji. A duk ƙasar nan da ake tofar da yawu in ya wuce, ga mace guda da rufin asirinta ke cikin aljihunsa. Rebeka ta lura ranar Barmu ce kaɗai yake tambayar ko an wanke masa riga.

"Barmu kaɗai ke da kasuwa?" ta ce wata safiya, tana juya ƙosan da take sayarwa bakin lakwal, wato makarantar boko. Ya ɗauki gwangwaninsa ya kama hanya.

Daɗin nan ne ya kwance masa baki. Shugabansa a asibiti, Istifanus, babban anfirmiye, wato malamin jinya, da ake kira Majo, ya taɓa cewa a gabansa wannan rabon ƙwaya wahalar banza ce, dungu dai dungu ne. Ishaku ya kasa haɗiyewa.

"Akwai wanda na kama da wuri," ya ce. "Ko farce bai rasa ba."

Majo bai manta ba. Da labari ya zo cewa wata Madam daga ƙungiyar za ta zo ganin aiki, sai ya kira shi ofis.

"Sun gaji da hoton dungu, Ishaku. Masu ba da taimakon can so suke su ga wanda ya warke, yana dariya. Matar nan da ka kama da wuri za ka nuna mata."

"Ban ce mace ba ce, Majo."

"Fuskarka ta ce. Ji nan, Madam ta yi zancen mobilet, ƙaramin babur ɗin nan. Dubi gwiwoyinka. Har yaushe za ka yi ta turin ƙarfe cikin duwatsu?"

"Zan duba," in ji Ishaku.

Ya kuwa duba. Duk hanyar Barmu yana tura keke yana jin ƙarar mobilet a kunnensa. Bayan mobilet ɗin ma akwai wani abu: a ce sau ɗaya an tsaya gaban jama'a an nuna abin da hannunsa ya yi.

Motar Madam ta iso da hantsi, ita da Majo mai yi mata tafinta. Doguwa ce, rana ta gasa mata hanci. Ta gaisa da kutare hannu da hannu, ta ɗauki hotuna, Dodo ya roƙe ta taba. Ta ce ta je Indiya, ta je Kwango, ko'ina talaka ciwonsa ɗaya. Ba muguwa ba ce, ta yi kuka na gaske da ta ga ƙafar wata yarinya.

"Ina take?" Majo ya raɗa masa.

"Ba ta zo ba."

Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Rana ɗaya ba fura ba ta kashe mutum. Amma ya kama hanyar gawo. Daga baya ya gaya wa kansa ƙishi ne, da kuma ƙunshin ganyen da ke aljihunsa, kada mako ya wuce ta ba magani. Duka gaskiya ne. Sai dai ya ji takun Madam a bayansa, bai kuwa canza hanya ba.

Ya ɗauki ƙoƙon, Halima ta tsiyayo tana kau da kai, ya sha, ya durƙusa ya kife shi a kan ganyen kamar kullum. Madam ta tambayi Majo dalilin da ya sa ma'aikacinsu ke sha a fasasshen abu alhali ga ƙoƙuna masu kyau a jere. Majo ya gaya mata. Fuskarta ta ƙara ja. Ta yi magana da sauri, Majo ya juya wa mutanen da suka fara taruwa:

"Ta ce wannan jahilci ne. Ta ce a Indiya akushi ɗaya ta ci da kutare. Ta ce yanzu za ta sha a cikinsa ku gani."

Kafin Ishaku ya miƙe ta sunkuya ta ɗaga ƙoƙon. Ganyen ya warware. Ga ƙwayoyi farare a kan jar ƙasa.

Babu yaron Barmu da bai san ƙwayoyin nan ba. Surutun da ke kewayen gawon ya mutu. Idanu suka tashi daga ƙasa suka hau saiwar itacen, suka hau ƙwaryar furar, suka tsaya kan mai ita. Ludayin Halima ya tsaya a sama. Majo ya dube ta daga kafaɗa zuwa yatsu, gefen bakinsa ya motsa.

Ishaku ya tsince su ɗaya ɗaya.

"Nawa ne," ya ce. "Nan nike aje su, in sha in zan tahi, don kada a gani a gida."

Ya watsa su baki ya haɗiye ba ruwa. Ya ga wasu ba su gamsu ba, wani mahauci na ta kallon Halima har yanzu. Sai ya ƙara abin da bai taɓa faɗa a fili ba tun da aka haife shi:

"Uwata ma da shi ta mutu. A zangon kutare aka haihe ni."

Wannan kam ba wanda ke ƙirƙiro wa kansa. Mutane suka ja da baya.

Halima ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta fizgi wani dutse, ta buge ƙoƙon daga hannun Madam, ta bi shi ƙasa ta farfasa.

"La'ananne! Shekara da shekaru kana kawo mini cuta gindin itacena! Ku gani, jama'a, ku gani abin da mishan ta aiko muna!"

Muryarta na rawa, mata suka ɗauka fushi ne, suka zo suna ba ta haƙuri, suna taya ta zagi. Madam ba ta fahimci komai ba sai da Majo ya fassara, ta kama hannun Ishaku da hannu biyu tana hawaye. Marar lafiya mai yi wa marasa lafiya hidima, ta ce, wannan ya fi abin da ta zo nema. Ta tsayar da shi jikin farin keken ta ɗauki hotonsa.

"Ƙarya kake," in ji Majo, da za su shiga mota.

"Ta dai samu hotonta, Majo."

Mobilet ta iso bayan watanni. Majo ya ce ofis ya fi buƙatarta.

Ranar nan kuwa, labari ya riga Ishaku isa Tawa. Cikin mako guda ƴan lakwal suka daina tsayawa wurin ƙosan Rebeka, matan majami'a suka koma gaishe ta daga nesa. Ta san lafiyarsa lau, ita ke wanke masa baya.

"Ka tambaye ni?" ta ce. "Ka tambayi ƴaƴanka kafin ka tona asirin kakarsu a kasuwa? Wace ce ita, Ishaku?"

Ta zuba masa tuwo a kwanonsa na kullum, ta tura masa, ta zauna ta ba shi baya.

Da kasuwar Barmu ta zagayo, Dodo ya tarye shi tun daga nesa yana daka dungu a ƙirji.

"Sannu da zuwa, ƙanena! Ashe gida ɗaya muke kana yi muna iyayi. Yau kai za ka hwara buɗe baki."

Ishaku ya raba musu, ya rufe gwangwani, ya tsaya. Akwai ƙunshin ganye a aljihunsa, babu inda zai kife shi. Ya taka a hankali har inda yake hango gawon. Mutane sun yi wa Halima yawa, har da waɗanda da ba nan suke sha ba. Ta ɗago ta gan shi.

"Kai! Kada ka matso! Can, can bayan surin nan, can ne wurinku!"

Aka yi dariya. Ya bi inda ludayinta ya nuna, ya zagaya bayan surin, wurin da ake zubar da shara. A gindin wata busasshiyar ƙaya akwai ƙoƙo a kife, sabo, an ɓare masa baki da wuƙa, ɓarin ko duhu bai yi ba. Ya ɗaga. A bushe yake, ba kuwa mai zuwa nan ta tsiyayo masa komai.

Ya sa ganyen ya kife. Ya koma ya tayar da keken daga inda ya kwantar da shi. Akwai wata rijiya a hanyar Kalfu inda makiyaya ke shayar da dabbobi, in ya yi sauri zai tarar da sauran ruwa a kwamin.